Gaskiya ko Jita-jita: Ƙwan LED a Yerwa, Laifin Ƙwai ne ko na Gini?

Duk wanda ya taɓa zama a shagon masu kayan wuta a Maiduguri, ko a Kasuwar Monday ko a bakin titin Baga, ya san wannan taƙaddamar. Mutum zai shigo da mataccen ƙwai a leda, ya dire shi kan kanta, ya ce: "Malam, ka ce mini sai na manta ranar da na sayi wannan. Da ƙaramar salla na ɗaura shi, ga shi ko babbar salla bai gani ba." Mai shago ya ɗauka, ya girgiza shi kusa da kunne kamar ƙwan da ne mai zare a ciki, ya ce: "Alhaji, wutarku ce ba ta da kyau." A rabu kowa na ganin ɗan'uwansa ne ya cuce shi. Ni kuwa abin da na lura da shi, sau da yawa akwai mai laifi na uku da ba a kiran sunansa a wannan shari'a, wato ginin da aka ɗaura ƙwan a ciki.

Mutanen Yerwa, wato Maiduguri, ba a aji suka koyi lissafin wuta ba. A watan Janairun 2021 'yan ta'adda suka rusa turakun babban layin da ke kawo wuta daga Damaturu, gari ya faɗa cikin duhu. Aka shafe kusan wata biyu ana gyara, wuta ta dawo a ƙarshen Maris, ba a cika mako guda ba aka sake tarwatsa turakun. Masu walda da teloli da masu ƙanƙara suka ji a jikinsu. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da tashar wuta mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda kamfanin NNPC ya samar, sannan a ranar 29 ga Mayun wannan shekarar tallafin fetur ya tafi, janareta ya zama abin tunani kafin a tayar. Abin da waɗannan shekaru suka haifar shi ne gida mai wuta uku: ta Nepa in ta zo, ta inji in da hali, ta sola in an iya haɗawa. A irin wannan gida ne ƙwan LED ya samu gindin zama, kuma a nan ne maganganu suka yi yawa a kansa.

Magana ta farko, wadda masu talla suka fi so, ita ce wai LED ba ya cin wuta. Yana ci mana, sai dai cin nasa kaɗan ne, kuma a nan gaskiya tana tare da masu talla. Tsohon ƙwai mai zare, mai wat 60, kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake sha zafi take komawa, ragowar ce haske. Ƙwan LED mai kyau, mai wat 9, yana ba da hasken da ya kai nasa. A ɗauki gida mai ƙwai goma: da tsofaffin, wat 600 ke nan; da sababbin, wat 90. Mai batir ɗaya na bolt 12 da amfiya 200, wanda ya san bai kamata ya zuƙe fiye da rabinsa ba in yana son ya daɗe, da tsofaffin ƙwayaye awa biyu zai samu ya koma duhu. Da LED zai haura awa goma sha biyu, daga magariba har gari ya waye. Ba don wannan bambanci ba, sola da ta tsaya a gidajen masu hannu da shuni. Wannan ne ma ya sa a shekarar 2014 aka ba wasu masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks, saboda shuɗin LED da suka samar a farkon shekarun 1990. Jan LED yana nan tun 1962, amma sai da shuɗi ya samu aka iya yin farin haske, domin farin da muke gani shuɗi ne aka shafa masa wani sinadari mai ruwan ɗorawa. In ka cire murfin ƙwan za ka ga 'yan ɗigo-ɗigon nan rawaya.

Inda sauƙin yake zama asara shi ne wurin mutumin da ya ji an ce ba ya cin wuta, sai ya cika silin ɗin falo da ƙananan fitilu ashirin da huɗu, ya zagaye da igiyar haske mai launi, ya ɗora duka a kan makunni ɗaya. Ya dawo inda ya taso, kuma ba shi da ikon kunna biyu ya bar sauran.

Sai masu cewa gwargwadon yawan wat, gwargwadon haske. Wannan gado ne daga zamanin ƙwai mai zare, lokacin da mai 100 ya fi mai 60 haske ba musu. Wat ma'aunin ci ne. Ma'aunin haske sunansa lumen, kuma shi ya kamata a duba a jikin kwali. Tsohon mai wat 60 yana ba da kimanin lumen 800, don haka mai neman madadinsa wannan adadin zai nema. LED na kirki yana ba da wajen lumen 90 zuwa 100 ko fiye a kan kowane wat ɗaya. Wasu kamfanonin da suka gane muna son babbar lamba sai suka riƙa buga mana ita: ƙwai ɗan mitsitsi, mara nauyi kamar ɓawon gyaɗa, an rubuta masa wat 30 ko 50. Rubutu ba ya kashe musu ko sisi. Kwalin da ya yi shelar wat da manyan baƙaƙe, ya yi gum game da lumen, ya riga ya faɗa maka abin da ke cikinsa.

Yanzu ga wadda ta fi kowacce cutar da aljihunmu, kuma ita zan fi daɗewa a kai: wai LED ba ya zafi, saboda haka ko'ina aka cusa shi daidai ne, kuma zai yi shekaru goma. Taɓa murfinsa yana kunne, lallai ba zai ƙona ka ba. Amma kai hannu gindinsa, wurin da ya haɗu da mazauninsa, za ka janye da sauri. Tsohon ƙwai yana watsa zafinsa waje tare da haske, kuma zafin bai dame shi ba tunda da shi yake aiki. LED kuwa a bayansa yake tara zafi, kuma zafin ne ajalinsa. A cikin gindin nan akwai ɗan allon lantarki, wanda masu gyara ke ce wa cok, wasu su ce direba, aikinsa ya mayar da wutar gida mai bolt 230 zuwa 'yar ƙaramar wuta miƙaƙƙiya da ƙwayoyin hasken ke so. A kan allon akwai kafasita mai ruwa-ruwa a ciki, kuma injiniyoyi suna da sanannen lissafi a kanta: duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwananta biyu. Awa 25,000 da ake rubutawa a kwali, wadda in ana kunna ƙwai awa shida kullum za ta kai shekara goma sha ɗaya, lissafi ne na ƙwai mai inganci da ke zaune a wuri mai iska da sassaucin zafi.

To, a kawo wannan lissafi Maiduguri a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a inuwa, ruwan randa ma ya yi ɗumi. Tsakanin kwano da silin kuwa tanda ce sosai, duk yaron da aka taɓa tura wa can ya ja waya da tsakar rana zai ba ka labari. Yanzu yayin da ake yi shi ne silin ɗin POP, a huda shi a cusa fitila ta shige ciki, fuskarta na kallon ɗaki, bayanta da cok ɗinta suna kwance a cikin tandar nan, babu kafar da iska za ta ratsa. Ko kuma a sa ƙwai cikin kwanon gilashi rufaffe ruf don kwalliya. Wata huɗu ya fara ƙyaftawa, wata shida ya mutu, a ce ɗan China ne. Ƙwai iri ɗaya, daga kwali ɗaya, wanda aka rataya a zaure inda iska ke kaɗawa, yana nan yana aiki.

Na taɓa shiga wannan tarko da kaina. Na sa aka yi mini fitilun cikin silin, irin waɗanda ƙwai da cok da gida duk a manne suke wuri ɗaya. Da ɗaya ta mutu na koma kasuwa, aka ce ai wannan samfurin ya wuce, wanda ake kawowa yanzu ya fi shi faɗi. Dole aka ƙara girman ramin, gefen silin ya ɓantare, aka kira mai POP, aka kira mai fenti. Fitilar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba ta ja mini aikin kwana biyu. Da mazaunin ƙwai na gama-gari na sa, mai murɗawa ko mai fil biyu, da kujera kawai zan taka. Wannan shi ne abin da masu zanen gini a duniya ke nufi idan suna maganar gini mai karɓar sauyi: fasahar haske tana canjawa duk 'yan shekaru, bango kuwa yana iya kai jikoki, don haka ba a binne abin da zai tsufa da wuri a cikin abin da zai daɗe. In dole sai an sa ta cikin silin, a zaɓi wadda cok ɗinta yake daban, ana iya zare shi a sa wani, a kuma bar wa rufin kafofin shan iska.

Shi kuma mai shago da ya ce wutarku ce, ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba. Sai dai ba raunin wuta ne ya fi kisa ba. LED da yawa an yi su ne su ɗauki wuta daga ƙasa da bolt 100 har zuwa sama da 260, shi ya sa za ka ga fanka tana jan ƙafa, firji ya ƙi tashi, amma ƙwai yana haske tar. Abin da ke ƙona shi shi ne wutar da ta zo da ƙarfi farat ɗaya: lokacin da aka dawo da ta Nepa, ko janareta ya yi gurnani kafin mai ya ƙare, ko wayar nutural ta tsinke a falwaya wasu gidaje suka sha fiye da rabonsu. Gida mai wuta uku yana shan wannan duka a kai a kai. Akwai 'yar na'urar kariya da ake sawa a akwatin rarraba wuta, tana yanke layi in wuta ta wuce iyaka, tana kuma jinkirta 'yan daƙiƙoƙi kafin ta saki idan an dawo da ita. Kuɗinta bai kai na ƙwayayen da gida ɗaya ke binnewa a shekara ba, ballantana na talabijin.

Daga nan sai wata magana da na fi jin ta a bakin masu gini da 'yan kwangila: tunda LED za a sa, kowace siririyar waya ta isa. A kan wutar gida mai bolt 230, gaskiya ne ƙwai goma ba sa jan ko rabin amfiya. Amma waya ba don ƙwan yau kaɗai ake binne ta ba. Gobe wani zai jona fanka a layin, jibi a ɗaura soket a kai, wata rana amarya ta zo da dutsen guga. Ga kuma wayar jabu da ta cika kasuwa, wadda jan ƙarfe ne kawai a fatarta, cikinta wani abu daban. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, masu ɗauko haske kai tsaye daga batir mai bolt 12, ba tare da inbata ba, su ne suka fi kowa bukatar waya mai kauri. Wat 90 ɗin nan da ba ta kai rabin amfiya a wutar Nepa ba, a kan bolt 12 amfiya bakwai da rabi ce, kusan ninki ashirin. Shi ya sa a gidajen da aka ja irin wannan layi da wayar rediyo, ɗakin da ke kusa da batir yake haske, na ƙarshen gida yana ci kamar aci-balbal, waya kuma tana ɗumi a cikin rufi.

Garin nan ya ga dalilai biyu manya na sake tunani a kan yadda ake ja wa gini wuta. A ƙarshen Fabrairun 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday, aka sake gina ta. A daren 9 ga Satumban 2024, wayewar 10 ga wata, madatsar Alau ta ɓalle, shekara talatin bayan ambaliyar 1994, ruwa ya mamaye Gwange da kewayen fadar Shehu da kasuwar kanta da asibitin koyarwa. Bayan ruwa ya janye, bambanci ya fito fili tsakanin gida da gida. Inda aka bi da waya ta cikin fayif, ana iya zare wadda ta lalace a zura sabuwa, a canja soket, a ci gaba da rayuwa. Inda aka kwantar da ita tsirara aka shafe da siminti don a rage kuɗin fayif, sai an fasa bango. Wanda ke gini yanzu, ko yake gyara, abu uku za su hutar da shi nan gaba, kuma duk lokacin da ake aza bulo ne suke da araha. Fayif mai ɗan faɗi, har da wanda za a bari babu komai a ciki daga rufi zuwa inda batir zai zauna, ko da babu kuɗin sola a bana. Akwatin wuta da inbata a ɗaga su sama, kada a ajiye su dab da ƙasa. Sannan layin fitilu da fankoki a raba shi da layin soket tun daga akwatin, yadda ranar da sola ta samu za a ɗora mata haske kaɗai, ba tare da wani ya jona hita ya kwantar da batir cikin minti ashirin ba. Gidajen da aka cakuɗa layukan, ko dai a sayi inbata babba fiye da bukata, ko a dawo ana bin bango da waya a fili kamar yaɗuwar kabewa.

Akwai kuma ƙwan da ake kashewa ya ƙi mutuwa sarai, ya riƙa wani ɗan haske fari-fari cikin dare. Na ji wanda ya ce satar wuta yake yi, na ji wadda ta ce a nemo malam ya yi tofi a ɗakin. Abin da yake sha a wannan hali bai kai a damu da shi ba. Amma sau da yawa alama ce ta kuskure mai haɗari: mai wayarin ya ɗora makunni a kan wayar nutural maimakon mai rai, don haka ko an kashe, wuta tana nan zaune a mazaunin ƙwan. Tsohon ƙwai ba ya nuna wannan, LED da ɗan abu kaɗan ke motsa shi ne ya tona asiri. Wani lokacin kuma makunni mai 'yar jar fitila ne ke zurarar da wutar. Ko wanne ne, a kira mai gyara, kuma kada yaro ya hau canja ƙwai a irin wannan ɗaki da sunan an kashe.

Batun cewa yana kashe ido, iyaye mata sun fi yin sa. Kwamitin masana na Tarayyar Turai da ya duba lamarin a 2018 bai samu hujjar cewa amfani da LED na yau da kullum yana cutar da idon mai lafiya ba. Abin da ke da tushe shi ne, farin haske mai shuɗi-shuɗi da daddare yana iya jinkirta barci, ƙwai mai arha da ke ƙyaftawa yana sa wasu ciwon kai, kuma ƙura wa tsirarar ƙwayar ido ba daɗi. Mu a nan mun ɗauka fari fat shi ne haske, shi ya sa mai lamba 6500K ya cika ko'ina, har ɗakin jariri. Wannan na shago ne da ɗakin ɗinki. Na ɗakin kwana shi ne mai 2700K ko 3000K, mai kalar hantsi. Yana da wata riba kuma: ƙwari ba su cika taruwa a kansa kamar yadda suke yi wa fari ba, abin da mai shayi da mai tsire za su so da damina. Sauro dai numfashinka da ɗumin jikinka ya fi bi. Mai neman ƙwan da ke da guba da gaske ya dubi waɗanda LED ya kora, mai murɗaɗɗen gilashi da doguwar sandar nan, domin su ne ke da zaiba a ciki, kuma ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata, har da Najeriya, sun amince a daina yin su.

A kan titi ma zancen ɗaya ne. Fitilun sola sun yawaita a manyan hanyoyin Maiduguri da cikin unguwanni, kuma a garin da ya sha dokar hana fita, haske da daddare ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayar da ƙosai ko ɗan Keke Napep. Idan ɗaya ta daina ci sai a ce fitilar ta ƙone. Mafi yawan lokuta ƙwayar hasken lafiyarta lau. Batir ne ya gaji, don kwanansa bai kai na ƙwan ba, ga shi a cikin akwatin ƙarfe yana gasuwa a rana. Ko kuma ƙurar hunturu ce ta lulluɓe faifan, ba ya tara abin da zai kai shi asuba, shi ya sa za ka ga fitila ta kama da magariba ta mutu kafin sha biyu. Ta farko batir take so, in an yi ta yadda za a iya buɗewa a canja. Ta biyu tsumma da tsani.

Shi kuwa Alhajin da ya dire mataccen ƙwai a kan kanta, da ya ɓalle farin murfin kafin ya fito daga gida, mai yiwuwa ya ga ɗigon baƙi a kan ɗaya daga cikin ƙwayoyin rawayan nan. A jere suke kamar carbi, ɗaya ta ƙone duk su mutu. Yaran da ke gyaran tocila da fitila mai caji a bakin kasuwa sun san wannan, sukan kankare wadda ta ƙone su haɗe wurin da dalma, ƙwai ya tashi. Zai ƙara 'yan watanni in an rataya shi a fili. In an mayar da shi cikin kwanon gilashin da ya dafa shi tun farko, ƙwaya ta gaba ce za ta yi baƙi.